Gottlob: sunan da Jamusawa suka daina raɗa wa 'ya'yansu

Tambaya: Malam, a wani rubutu kan tarihin Salaga na ci karo da sunan wani Bajamushe, Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawan can suke kira Malam Musa. Mece ce ma'anar Gottlob, kuma daga ina ya fito? Mai tambaya daga Kumasi.

Kalmomi biyu ne aka haɗa. Gott shi ne Allah, Lob kuma yabo. Ma'anarsa ke nan: yabi Allah, ko yabo ya tabbata ga Allah. Har gobe Bajamushe kan ce "gottlob" a tsakiyar zance idan ya tsallake wata wahala, daidai inda mu za mu ce alhamdu lillahi.

Amma kada ganin sunan ya yi kama da na dauri ya sa ka ɗauka tsoho ne. Sunayen Jamusawa na asali, waɗanda suka girmi shigar Kiristanci ƙasarsu, su ma gaɓa biyu gare su, sai dai yawancinsu zancen yaƙi da mulki da namun daji suke yi. Gerhard mashi ne da ƙarfi. Adolf, sunan Krause na biyu, daraja ce da kyarkeci. Heinrich, sunan Barth da ya shigo Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarimu, gida ne da mai mulki, kusan a ce Maigida. Irin waɗannan ba jimla ba ne, sau da yawa ma gaɓoɓin ba sa ba da ma'ana ɗaya idan an jera su, domin iyaye kan ciro gaɓa daga sunan wannan ɗan'uwa su liƙa da ta wancan.

Gottlob ɗan baya-bayan nan ne. A ƙarni na 17, bayan Yaƙin Shekara Talatin da aka gwabza daga 1618 zuwa 1648 ya ɗaiɗaita ƙasar, wani yunƙurin farfaɗo da taƙawa ya taso a cikin cocin mabiya Martin Luta. Jagororinsa su ne Philipp Jakob Spener, wanda ya soma tara mutane karatun Littafi Mai Tsarki a gidansa a Frankfurt a 1670, da August Hermann Francke na garin Halle. Mutanen nan ba su da sha'awar sunayen waliyyan Katolika, don haka suka riƙa ƙera sunaye da harshensu na gida, waɗanda duk wanda ya ji zai gane nan take. Fürchtegott, ji tsoron Allah. Traugott, dogara ga Allah. Gotthilf, Allah ya taimaka. Leberecht, yi zaman gaskiya. Kowane ɗaya wa'azi ne ko addu'a, kuma uwa ba za ta kira ɗanta cin tuwo ba sai ta faɗe shi. Ingila ma ta yi irin nata a wannan ƙarni: akwai ɗan majalisar 1653 mai suna Praise-God Barebone, wanda sunansa da Gottlob abu guda suke faɗi.

Shi kuwa Krause, an haife shi a 1850 kusa da Meissen a yankin Saksoni, cibiyar mabiya Luta, don haka sunan bai zo da mamaki ba. A Turabulus ya koyi Hausa. A 1886 ya tashi daga Akara ya bi ta Salaga har Wagadugu, kuma ya tattara rubuce-rubucen Hausa na ajami da suka ƙare a ɗakin karatu na Barlin. Ya rasu a Zurik a 1938. Tun da kana Kumasi, akwai wani mai sunan da ya fi kusa da kai: Gottlob Auwärter, wanda ya kafa kamfanin ƙera manyan motocin fasinja a Stuttgart a 1935, kamfanin da aka sani da Neoplan, wanda ya buɗe masana'anta a garinku a 1974.

Tambaya: Yaya ake furta shi?

Got-loop. Kada ka ninka t ɗin kamar yadda muke yi a "hatta". A rubutun Jamusanci baƙi biyu alama ce kawai cewa wasalin da ya gabata gajere ne. Wasalin gaɓa ta biyu dogo ne, kuma b ɗin ƙarshe p ake jin sa. Idan suna ne, nauyin murya na kan gaɓar farko. Idan kalmar hamdala ce, yana kan ta biyu.

Tambaya: Wani ya gaya mini Gottlob shi ne Muhammadu da Jamusanci, tun da duka biyun yabo ne. Haka ne?

Ba haka ba ne, kuma irin wannan gajeren lissafi shi ke ɓata mana ilimin sunaye. An ga yabo a nan, an ga yabo a can, shi ke nan an ɗaura musu aure ba tare da an tambayi wa ake yabo ba. Muhammad da Mahmud, daga saiwar Larabci ta hamdu, suna nufin wanda ake yabo, wato mai sunan ne abin yabon. A Gottlob mai sunan ba a ce komai a kansa ba, Allah ake yabo, yaron sanadi ne kurum. Idan dole sai an nemo masa takwara a wajenmu, Hamdala ce, ko Hamdallahi, sunan da Shehu Ahmadu Lobbo ya ba babban birninsa a Masina.

Wasu kuma su fassara shi da Godiya ko Nagode. Wannan ya fi kusa, amma shi ma da saura. Jamusanci ya raba yabo da godiya kamar yadda Hausa ta raba: Lob daban, Dank daban, kuma suna da "Gott sei Dank" don godiya ga Allah. Godiya tana biyo bayan abin da aka yi maka. Yabo ba ya jiran a yi maka komai, shi ya sa muke cewa yabon gwani ya zama dole, ko da gwanintarsa ba ta amfane ka da ƙwayar zarra ba. Inda suke haɗuwa shi ne irin "yaba kyauta tukwici", wanda a cikinsa yabawa ta ɗauki aikin godewa. Abin takaici, yanzu har a gidajen rediyo sai ka ji an ce "ya yaba wa gwamna bisa gina musu rijiya" a inda mutumin godiya ya yi, ba yabo ba. Mai fassara ya ga kalma ɗaya a takardar Ingilishi, ya kama ta farko da ta zo masa.

Tun da an taɓo asali, a gyara wasu kurakurai biyu. Lob ba ta da dangantaka da "yabo" tamu; b ɗin da suka yi tarayya a kai dacewa ce kawai. Danginta na gaskiya su ne Liebe, ƙauna, da glauben, yin imani, da love ta Ingilishi, duk saiwa ɗaya. Sannan Gott ko God ba daga gut ko good ta fito ba, duk da yadda masu wa'azi suke son faɗin haka. Saiwoyinsu daban-daban ne tun fil azal.

Tambaya: Gottlob da Gottlieb da Gottfried duk abu ɗaya ne?

A'a. Gottfried tsohon suna ne, Allah da zaman lafiya, shi ne Godfrey a Ingila. Gottlieb yana da tsohuwar siga, Goteleib, wadda gaɓarta ta biyu ke nufin magaji, daga baya aka ji ta kamar lieb, abin ƙauna, aka daidaita sunan da Theophilus na Girkanci, wato masoyin Allah. Mai wannan suna da kowa ya sani shi ne Gottlieb Daimler na motoci.

Tambaya: Har yanzu ana raɗa shi? Na duba jerin sunayen jariran Jamus ban gan shi ba.

Ba za ka gan shi ba. Jamus ba ta da ƙididdigar sunaye ta hukuma ta ƙasa baki ɗaya. Jerin da aka fi dogara da shi na wata ƙungiyar kula da harshen Jamusanci ce da ke Wiesbaden, wadda ke tattaro bayanai daga ofisoshin rajistar haihuwa tana fitarwa duk shekara tun 1977. Gottlob ya riga ya faɗi tun kafin a soma wannan lissafi.

Zamaninsa ƙarni na 18 da na 19 ne, kuma a yankunan Furotesta, musamman Saksoni da Württemberg. A Bavariya ta Katolika Josef da Franz ne suka ci kasuwa. Dubi shekarun haihuwar mashahuran masu sunan ka ga tafiyarsa: Christian Gottlob Neefe, malamin Beethoven, 1748, Abraham Gottlob Werner, masanin duwatsu na Freiberg, 1749, Gottlob Frege, masanin lissafi da manɗiƙi na jami'ar Jena, 1848, Auwärter, 1903. Daga nan sai ya yi ta ja da baya har ya zama sunan kakanni.

Abin lura shi ne Jamusawa ba su daina sa sunaye masu ambaton Allah ba. A sahun gaba na shekarun nan akwai Matteo, wanda asalinsa Ibrananci ne, kyautar Ubangiji. Akwai Elias, wato Iliyasu. Akwai Theo, gajeren Theodor, baiwar Allah da Girkanci. Tsofaffin sunaye irin Emil da Anton da Karl ma sun dawo. Wanda ya ƙi dawowa shi ne wanda ma'anarsa take a fili da harshen gida. Yaron da ake kira Matteo ba wanda ke jin wa'azi a sunansa, amma Gottlob duk ɗan ajinsu ya san abin da aka ce. Abin da ya sa masu taƙawa suka ƙaunace shi, shi ne ya sa jikokinsu suka guje shi.

Mu ma muna kan wannan hanya, shi ya sa zancen yake ci mini rai. Barau da Barmani da Ajuji da Ayashe da Kyauta, kowanne yana ɗauke da labarin gidan da aka haifi yaron: uwar da 'ya'yanta ke mutuwa, ko wadda ta daɗe tana jira. Dogara shi ne Traugott ɗinmu sak. Yau iyaye da yawa suna ganin waɗannan ƙauyanci ne, su gwammace wata kalmar Larabci da suka tsinta a waya, wadda ba su san ma'anarta ba, wani lokaci ma Larabawa ba sa suna da ita. Ba laifi ba ne a zaɓi sunan yanka na Larabci, al'adarmu ce tun da daɗewa. Amma da can sunan yanka da laƙabin gida tare suke tafiya, kuma na biyun ne ake yarwa.

Tambaya: Idan suna linzami ne, ashe duk mai suna Gottlob mai ibada ne?

Linzami juya doki yake yi, sai da mahayi a kai. Karin maganar fatan iyaye take bayyanawa da nauyin da suna ke ɗora wa mai shi, ba ta yi alkawarin hali ba.

Tambaya: Akwai na mata?

Na Gottlieb ne aka fi sani, Gottliebin, kuma a Württemberg ya yi yawa.