Enzayim da sankarar baki: wace Hausa za a yi wa majinyaci?

Wata ɗalibar aikin jinya ta rubuto daga Idi-Araba a Legas: "Malam, ni ake kira in yi wa mutanenmu tafinta a asibiti. Me zan ce da enzayim? Likitoci sun ce ana auna shi don a hango inda sankarar baki za ta dosa. Ko in ce musu Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta?"

'Yata, kalmar ko Ingilishi aro ya yi. Wani Bajamushe, Wilhelm Kühne, shi ya ƙera ta a 1877 daga Girkanci, ma'anarta "a cikin yisti". Ashe danginta ƙullin waina ne da ya kwana ya tashi. Masu fassara kan ce "sinadari" su wuce, amma ai gishiri ma sinadari ne. Ni na fi son "sinadarin gaggauta aiki". In baban da ke jinya bai gane ba, ki ba shi burodin Agege ya yi ta taunawa kada ya haɗiye. Zaƙin da zai ji yana ƙaruwa aikin amilas ne, enzayim na cikin miyau mai mayar da sitaci sukari.

A sankarar baki akwai enzayim biyu da ake yawan bincike a kansu, ana kiransu LDH da MMP-9. LDH kan hau a jini da miyau, domin ƙwayoyin sankara suna cin sukari da haɗama, kuma ƙwayar da ta mutu takan zubar da shi waje. MMP-9 kuwa kamar gara yake, yana cinye dangar da ke riƙe nama, ciwon ya samu hanyar kutsawa har kaluluwar wuya.

Karin maganarki dai ban yarda da shi ba. Ya cika yanke hukunci, mai ciwo zai ji kamar an karanta masa ranarsa. LDH yana hawa a ciwon hanta da ciwon zuciya ma, kuma har yanzu girman ƙarin, da ko ya kai wuya, da ɗan naman da aka yanka aka duba su ne abin dogaro. Ki ce "alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba". Alama aka ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Mile 12 ta Legas ya ga siririn ɗan dako ya ciccibi kwandon tumatur, ƙaton mai kayan yana gefe yana haki.