Amsar Kawu kan takardar aure da shirin ɗaurin aure

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce an sa rana, saura wata uku, kana tambaya ko sai ka karɓo takardar izini daga ofishin rajista kafin a ɗaura, ko ɗaurin auren masallaci ya wadatar. Ka kuma ce abokanka sun ba ka shawarar ka yi duka biyun don harkar biza. To, ka tsaya tukuna, domin abu biyu ka haɗa a waje ɗaya.

A Nijeriya auren Musulunci aure ne cikakke a idon hukuma, ba ya jiran izinin kowane ofishi. Abin da yake buƙata shi ne waliyyin amarya, sadaki, shaidu biyu adilai, da siga, wato wakilinka ya nema, waliyyi ya ce ya bayar, wakili ya ce ya karɓa. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, zinari giram ɗaya da ɗan ɗoriya, shi ya sa kimarsa take hawa da sauka da kasuwar zinari. A faɗi adadinsa a bainar jama'a, a kuma faɗi ko lakadan ne ko ajalan. Sadakin na yarinya ne, ba na iyayenta ba. Walicci kuwa ta ɓangaren uba yake bi: mahaifi, ɗan'uwanta namiji, baffa. Mu kawunai, duk girman da ake ba mu, ba mu da shi sai an wakilta mu.

Takardar da ake bayarwa bayan wannan aure shaida ce kawai cewa an ɗaura. Ana samunta a masallacin da aka ɗaura idan suna da littafin rajista, ko a kotun shari'a. Ka sa a rubuta a ranar ko cikin makon, shaidu suna kusa, liman bai manta ba. Ka duba sunaye harafi bayan harafi su dace da na katin ɗan ƙasa da fasfo. Idan Muhammad ne a fasfo, kada a rubuta Mohammed a takardar aure. Idan Aishatu ce, kada ta koma Aisha. Harafi ɗaya yakan sa mutum zirga-zirgar kotu neman takardar rantsuwa.

Auren rajista kuwa ba rasidin wancan ba ne. Wani aure ne daban, ƙarƙashin Dokar Aure da ta samo asali tun 1914, kuma sharaɗinsa mace ɗaya. Wanda ya yi shi ba shi da ikon ƙara aure muddin wannan yana nan, in ya ƙara, dokar ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5. Ba a kuma warware shi da furucin saki ko takardar da miji ya rubuta. Sai Babbar Kotu, ƙarƙashin dokar 1970 ta shari'o'in aure, wadda ba ta karɓar ƙarar rabuwa kafin aure ya cika shekara 2 sai da izini na musamman, in ban da 'yan dalilai da ta keɓe. Yana iya taɓa rabon gado ma. Saboda haka kafin ka sa hannu, ka zauna da malami, ka zauna da lauya, ita ma yarinyar da iyayenta su san abin da ake shiga. Idan don tafiya ne, fara tambayar ofishin jakadancin ƙasar irin takardar da suke karɓa, kada ka dogara da "an ce".

In kun yanke shawarar yi, ga yadda yake tafiya. Ɗayanku zai je wurin magatakardan aure ya cike takardar sanarwa. Za a shigar da ita a littafi, a liƙa kwafi a allon ofis har kwana 21, domin duk mai ƙorafi ya fito. Idan wani ya shigar da ƙorafi, magana ta tsaya sai alƙali ya duba. Idan shiru, za ka yi rantsuwa a rubuce cewa ɗayanku ya zauna a yankin aƙalla kwana 15, babu dangantakar da ta hana aure, babu wanda yake da aure da wani, kuma kowannenku ya kai shekara 21. Wanda bai kai ba sai da rubutaccen izinin mahaifi, in babu shi na mahaifiya ko mai riƙo. Daga nan ne magatakarda zai ba da takardar izini. A ofishinsa ana ɗaurawa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, ƙofa a buɗe, gaban shaidu biyu.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne lissafin kwanaki. Sanarwar tana mutuwa bayan wata 3 daga ranar da aka shigar, sai a sake daga farko. Wani yakan yi gaggawa ya shigar tun da wuri, a ɗaga biki, ta lalace. Wani kuma sai saura mako biyu ya tuna, kwana 21 ba su cika ba. Mako shida zuwa takwas kafin ranar ya fi dacewa. Ka biya kuɗi ta hanyar da ofis ya tsara, ka riƙe rasidi, ka rabu da masu tare mutane a bakin ƙofa suna cewa za su fitar da takarda a kwana biyu.

Amma kafin duk wannan, gwajin jini. Jihar Kano ta mai da shi doka a 2024, kuma ko babu doka hankali ya wajabta shi: ƙanjamau, ciwon hanta, da rukunin jini na sikila. Idan kai AS ne ita ma AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba. Kowane ciki lissafinsa daban, ana iya jera biyu ko uku. Ku je asibiti tare, ku karɓi sakamako da hannunku, tun ba a kai lefe ba, don fasawa bayan an buga kati tana da ciwo.

Ka sa mahaifiyarka ta binciki shayarwa tunda akwai zumunci tsakanin gidajen, mata ne suka san wa ya sha nonon wa. Ka tabbatar wakilinka ya san cikakken sunan amarya da adadin sadaki, kuma kuɗin yana aljihunsa tun daren jajibere. Lefe da walima a yi daidai ƙarfi, kuɗin hayar gida da abincin watannin farko su ne kada a taɓa.

Ka turo mini sakamakon gwajin idan ya fito, sannan mu tsayar da wanda zai yi maka wakilci. Ka gaida mahaifiyarka. Allah ya sanya alheri.