Amsa ga ƴata a kan cimar gida da kalmar "lokal"

Assalamu alaikum, ƴata. Saƙonki ya same ni ranar Alhamis ina dawowa daga kasuwar Dole, kuma na jinkirta amsa ne saboda tambayar ba irin wadda ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Kin ce abokan karatunki a Kano suna kiran garin kunu da cuku da daddawar da gyatumarki take aika miki "abincin lokal", alhali kin karanta cewa a Turai har ƙarin kuɗi ake biya don a sayi abin da aka noma kusa da gari. Kin tambaye ni ko al'ada ta wajabta mana cin abin da ƙasarmu ta fitar, sannan, da yake kin san ni da bin diddigin magana, kin nemi in faɗa miki kalmomin Ingilishi da nake so da waɗanda nake ƙi.

Ban taɓa jin wani dattijo a Damagaram ya hana cin abincin nesa ba, kuma da wuya a samu, domin garin nan matattarar fatake ne tun kafin zuwan Turawa. Ayarin raƙuma yana kawo gishiri da dabino daga Bilma, goro yana zuwa daga kudu, kuma ba wanda ya ga aibinsu. Inda al'ada ta tsananta shi ne kan rumbu. Kakanki, Allah ya jiƙansa, ba ya barin dami ko ɗaya ya bar gona sai ya ware zakka, ɗaya cikin kowane goma, kuma ba ya yarda a taɓa hatsin bana muddin na bara bai ƙare ba. Shi kaɗai yake hawa rumbu da sassafe ya miƙo wa mata damin da za a sussuka, kuma idan yaro ya leƙa ciki sai ya sha faɗa, don kada ya fita ya ba da labarin abin da ya rage. A wancan zamani, idan aka ce "wane ya fara awo", wato ya koma sayen hatsi da tiya a kasuwa tun damina ba ta faɗi ba, a cikin raɗa ake faɗa, saboda magana ce da ta taɓa mutuncin magidanci.

Yunwa ce ta koyar da wannan tsanani. A 1984 fari ya cinye gonaki, Najeriya kuma, a zamanin mulkin Janar Buhari, ta rufe iyakarta, shi ya sa har gobe mutanenmu suke kiran yunwar shekarar El-Buhari. Da idona na ga mata suna jiƙa ƴaƴan anza kwana da kwanaki, suna zubar da ruwan suna sake wani har ɗacin ya fita, sannan su dafa wa yara. Gidajen da suka tsira da mutuncinsu su ne masu tsohon hatsi. Ke ma kin ga ɗan abin da ya yi kama da haka a 2023, lokacin da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin watan Yuli a nan Nijar, shinkafar da ake shigowa da ita daga Asiya ta tashar jiragen ruwan Kwatano ta yi tashin gwauron zabi. Geron yankin Damargu kuwa daga Tanut, nan arewa da mu, yake zuwa, ba ya jiran jirgi, ko da yake shi ma kuɗinsa ya ɗaga. Duk da haka ba na zargin matar da ta dawo daga aiki da la'asar ta ɗora shinkafa ko taliya, domin surfe da daka da tankaɗe aiki ne na wuni guda, kuma mu maza da muke yabon tuwo ba mu ne muke riƙe taɓarya ba.

Game da kalmomi kuwa, ina son waɗanda suka zo tare da abinsu suka zauna lafiya, irin su tumatir da bokiti da asibiti, waɗanda bakin Bahaushe ya murza har ba a jin baƙuntarsu. Can Kano za ki ji karas da kabeji da latas, mu nan muna cewa karoti da shu da salati saboda Faransanci muka gada, amma a garakan Miriya ake noma su da ruwan rijiyarmu, don haka sunan bai dame ni ba.

Wadda ba na so ita ce "lokal", tare da kishiyarta "foren". A harshen masu ita, ma'anarta kawai abin da yake na wurin, ba yabo ba zagi, amma da ta shigo bakinmu sai ta ɗauko raini, ta koma nufin abu maras daraja, har ana jifan mutum da ita. Muna da "ɗan gida" da "ƴar gida", waɗanda ba su ɗauke da wannan ƙasƙanci, kuma masu rainin da kansu sun fi biyan kuɗi a kan kazar Hausa fiye da ta gidan gona idan za su yi baƙo. Ita kuwa "oganik", wadda ƴan makarantarmu na nan suke cewa "biyo", dariya take ba ni, domin abin da take nufi shi ne abin da kakanki yake yi duk kaka, lokacin da yake ba Fulani hatsi don su zaunar da shanunsu a gonarsa ta sha taki.

Gyatumarki ta ce in faɗa miki daddawar da ta aiko ta batso ce, ta ƴaƴan yakuwa, ba ta kalwa ba wadda mutanen Kano suka fi sabawa da ita, kuma wataƙila ƙamshinta ne ya jawo miki maganar. Ki riƙa shanya ta a rana kafin ki rufe ta a kwalba, kuma idan kin kaɗa miyar kuka da ita, ki kira su ku ci tare. Ki gaida mutanen ɗakinku.