Tambayoyinku kan fasaha: Wayar IP68 da ruwan Labadi

Tambaya: Malam, bayan Sallah za mu je bakin teku a Labadi da ke Accra da abokaina, ina son ɗaukar hoto a cikin ruwa. A kwalin wayata an rubuta IP68, lambar da ke nuna waya na jure ruwa da ƙura, mai shagon da ya sayar mini a kasuwar wayoyi ta Circle ma ya ce ko kogi na faɗa da ita ba abin da zai same ta. Ta isa, ko sai na sayi kamara? (Wani matashi daga Nima)

Amsa: Ɗan'uwa, ka koma Circle ka ce ya rubuta maka wannan maganar a takarda ya sa hannu, ka ga yadda zai sauya hira. Duk shekara sai na amsa wannan tambaya, kuma duk shekara sai wani ya dawo daga teku da waya tana zubar da hawaye ta ramin caji.

Gwajin IP68 da sabuwar waya ake yinsa, a ruwan daɗi, kwance cikin tanki. Manyan wayoyin Samsung zurfin mita 1.5 aka ce, na minti 30. iPhone 12 zuwa sama mita 6, su ma minti 30. Ba gishiri a wannan tanki, ba yashi, ba igiyar ruwa da za ta maka ka da ƙasa. Kamfanonin da kansu sun faɗa cewa garantinsu bai shafi ɓarnar ruwa ba, to wa ya fi su sanin kayansu? Gam ɗin da ke toshe kafofin waya tsufa yake yi. In kuwa ta hannu ce, ko an taɓa buɗe ta an canja gilashi, lambar nan a kwali kawai ta rage. Mugun halin gishiri kuma ba ya nuna kansa ranar. Za ka dawo gida kana fahariya, bayan 'yan kwanaki caji ya ƙi shiga, ka leƙa ramin ka ga ya yi kore-kore.

Idan da gaske kake, nemi kamarar da aka ƙera don wannan aiki. GoPro na zamani na nitsewa mita 10 haka nan tsirara, cikin gidanta na roba kuma har mita 60. DJI Osmo Action 4 na kai mita 18. Wanda hoto ya fi damunsa da bidiyo, OM System Tough TG-7 nake zaɓar masa: mita 15, kuma tana ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa da kyau. Ka haɗa da mariƙi mai iyo, domin GoPro in ta suɓuce ƙasa take yi, sai dai ka yi mata addu'a.

In aljihu bai kai ba, sayi jakar roba mai kulle ka saka wayar. Amma ka yi abin da nake yi ko da sabuwa ce fil: cusa takardar goge hannu a ciki, kulle, danne ta da dutse a bokiti minti 30. In takardar ta fito da laima, kada ka saka wayarka a ciki. Fuskar waya ba ta jin yatsa a ruwa, maɓallin ƙara sauti za ka danna. Bayan an fito a ɗauraye komai da ruwan famfo tun gishiri bai bushe ba.

Ni dai da wurin ninƙaya na otal za ka fara. Ruwan Labadi a gurɓace yake da yashi, da ƙyar za ka ga ƙafarka, ga shi yana ja. Ka iya ruwa ma kuwa?

Tambaya: Hotunan da na ɗauka a tafkin Bosomtwe duk kore suka fito. Kamarar ce? (Mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Ruwan ne. Jan launi yake fara shanyewa, kafin mita 5 ya kusa ƙarewa. Matsa kusa da abin da kake ɗauka, ka yi da rana tsaka. Jan gilashin tace launi na shuɗin ruwa ne, koren ruwa mai ruwan hoda-hoda yake so.

Tambaya: Gidan kamarata na yin hazo daga ciki. (Daga Madina)

Amsa: Ƙullin ƙwayoyin shan laima da ke zuwa a kwalin sabon takalmi, jefa ɗaya ciki. Kuma daina shanya ta a rana kafin ka shiga ruwa.

Tambaya: Jikana ya jefa mini waya a bokitin wanki, na binne ta a shinkafa. Kwana nawa za ta yi? (Wata Hajiya daga Mamobi)

Amsa: Hajiya, a ciro ta, a dafa wa jikan shinkafar. Apple ma ya hana, domin burbushi na shiga ramin caji. A kashe ta, a cire sim, a ajiye gaban fanka kwana ɗaya ko biyu, kada a kuskura a jona ta da wuta kafin nan.