Filin Tambaya da Amsa: Bayan Elden Ring, ko tsofaffin Dark Souls sun cancanci a koma musu?

Yawancin wasiƙun wannan karon a kan wasannin kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan suka zo, don haka muka zaɓi guda huɗu muka haɗa su a fili ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama Elden Ring, kuma ya shiga raina sosai. Abokaina sun rabu biyu: wasu na cewa in nemi Dark Souls na farko, wasu na cewa tsohon yayi ne, ɓata kuɗi da lokaci kawai zan yi. Wanne zan ɗauka? — Mai karatu daga Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka neme shi, amma ka san abin da za ka tarar. Dark Souls ya fito a 2011, shekara goma sha ɗaya kafin Elden Ring, kuma Hidetaka Miyazaki ne ya jagoranci duka biyun. Babu doki a cikinsa, babu taswira, tsalle ma sai ka sheƙo da gudu sannan ka sake danna maɓallin alkafura. Idan ka kulle ido a kan abokin gaba, kusurwa huɗu kaɗai za ka iya mirginawa: gaba, baya, hagu da dama. Wanda ya saba da sauri zai ji hannunsa a ɗaure a sa'o'in farko, kuma a nan mutane da yawa suke ajiye shi.

Abin da yake da shi wanda waɗanda suka biyo bayansa ba su maimaita ba shi ne yadda aka gina duniyarsa. Tun daga farko har kusan tsakiyar wasan ba za ka iya ɓacewa daga wannan wutar hutawa (inda ake yada zango, kuma nan ake farfaɗowa in an mutu) ka ɓulla a wata ba, sai ka kayar da wasu manyan abokan gaba biyu, Ornstein da Smough, a birnin Anor Londo an ba ka wata tasa mai suna Lordvessel. Kafin nan duk inda za ka, da ƙafa za ka. Wannan ya sa dole ka haddace hanya. Za ka hau Undead Burg, ka ratsa gadar da dodo ke watsa wa wuta, ka isa majami'ar Undead Parish a galabaice, sai ka ga wani lif a gefe. Ka shiga, ya yi ta sauka da kai, ƙofa na buɗewa ka gan ka a Firelink Shrine, inda ka fara tun ɗazu. Wuraren a jere suke, wani a kan wani, kuma abin da ka hango daga nesa yawanci za ka taka shi da ƙafarka.

Ba za mu ɓoye maka aibinsa ba. Rabin ƙarshe bai kai na farko ba. Lost Izalith fili ne na narkakken dutse da aka cika da dodanni iri ɗaya, kuma bos ɗin wurin, wato babban abokin gaban yankin, Bed of Chaos, faɗawa rami ne ke kashe mutum a gabansa, ba rashin iya faɗa ba. Duk da haka, daga Firelink zuwa Anor Londo kaɗai ya biya kuɗinsa.

Idan kuma saurin Elden Ring ne ya fi burge ka, Dark Souls III na 2016 ya fi kusa da shi. A can aka kawo shuɗin layin da ake kashewa wajen tsafi da dabarun makami, kuma bos-bos ɗinsa sun fi na sauran biyun tsari.

Tambaya: Na sayi Dark Souls Remastered, amma tun daga Firelink ƙwarangwal ke ta kashe ni a maƙabarta. Ga mutumin nawa ya yi nauyi, in ya mirgina sai ya faɗi tim. Me nake yi ba daidai ba? — Ɗalibi daga Damagaram

Amsa: Ƙanena, hanya ka ɓata, ba rashin iyawa ba ne. Hanyoyi uku ne suka fita daga Firelink. Ta maƙabarta tana kai wa Catacombs, inda ƙwarangwal ke sake tashi muddin ba ka kashe matsafin da ke tayar da su ba, ko ba ka riƙe makami mai tsarki ba. Ta ƙasa tana kai wa New Londo, inda takobinka zai ratsa fatalwa kamar iska sai in ka yi amfani da wani kaya mai suna Transient Curse. Taka ita ce ta uku: matakalar da ta hau gefen dutse ta shige cikin magudanar ruwa, ta ɓulla Undead Burg.

Batun nauyi kuwa lissafi ne. Abin da mutuminka zai iya ɗauka shi ne 40 a tara da adadin Endurance ɗinsa, wato makin juriya. Mai Endurance 20 yana da 60 ke nan. Idan kayan jikinsa ba su wuce kashi 25 cikin ɗari ba, wato 15, zai yi alkafura mai sauri. Daga nan zuwa kashi 50, wato 30, matsakaiciya ce. Da ya haura rabi sai faɗuwar da ka gani. Makaman da ka rataya a hannu ana lissafa su ko ba su kake riƙe da su ba, don haka ka fara cire na biyu da na uku kafin ka taɓa sulke. Abin da ke cikin jaka ba ya ƙara nauyi.

Wajen ƙara mataki, ka zuba rayukanka, wato kuɗin wasan da ake samu daga abokan gaban da aka kashe, a Vitality (makin jini) da Endurance, ka ba Strength da Dexterity iya abin da makaminka ya nema. Koren layin numfashi yana daina ƙaruwa a Endurance 40. Kada ka taɓa Resistance. Amfaninsa bai taka kara ya karya ba, kuma a wannan wasan babu hanyar sake raba makin da ka riga ka kashe.

Gyaran makami ya fi ƙara mataki tasiri. Maƙeri Andre yana ƙarƙashin tsohon ginin da ke kusa da majami'ar Undead Parish, kana jin ƙarar gudumarsa tun daga saman matakala. Yana sayar da Titanite Shard, kayan gyaran makami, a kan rayuka 800, kuma guda tara ne ke kai makami +5: ɗaya, ɗaya, biyu, biyu, uku. Daga nan ba zai wuce ba sai ka kawo masa wani garwashi mai suna Large Ember daga yankin Depths. Za ka ji ana zuga Drake Sword, wanda ake samu in an harbe wutsiyar dodon gada da kibau. Yana da ƙarfi 200 tun daga farko, amma ba ya ƙaruwa da matakinka, kuma waɗanda suka dogara da shi sukan isa Sen's Fortress ba su gyara wani makami ba, nan wasan ya tsaya musu. Garkuwa kuwa, ka sayi Heater Shield a wurin ɗan kasuwar Undead Burg a kan 1,000. Tana tare duk saran ƙarfe kuma ba ta da nauyi. Ka riƙa sauke ta tsakanin sara da sara, domin numfashi ba ya dawowa da sauri in tana ɗage.

Sai maganin sha, Estus. Biyar ake ba ka. Ka kashe Humanity ɗaya, wato makin ɗan'adamtaka, a wutar hutawa ka tashi daga kamannin gawa ka koma mutum, ka ƙara ɗaya ka rura wutar, sai ta riƙa ba ka goma. Wutar da ka rura kaɗai ke yin haka, don haka ka zaɓi wadda ke kusa da bos ɗin da ya tsaya maka. Kuma kada ka sari mai sayar da kaya ko maƙeri da wasa. In ya fusata, sai ka biya Oswald, mai yafe laifi a wasan, rayuka 500 sau adadin matakinka kafin a yafe maka. In kuwa ya mutu, ya tafi ke nan har sai ka sake zagayo wasan.

Tambaya: Kowa na cewa in tsallake Dark Souls II, wai shi ne baragurbin gidan. Gaskiya ne? — Wata mai karatu daga Kaduna

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki tsallake, amma ki bar shi ya zama na biyu ko na ƙarshe. Ya fito a 2014, kuma ba Miyazaki ne ya jagorance shi ba. Tomohiro Shibuya da Yui Tanimura ne. Yawancin ƙorafin da ake yi a kansa daga abu guda ya taso wanda wasan bai bayyana ba. A sauran wasannin, ɗan lokacin da sara ba ya kama mutum a tsakiyar alkafura bai dogara da wani maki na musamman ba. A nan an ɗaure shi da makin zafin nama, Agility, wanda ke ƙaruwa in an ƙara makin Adaptability, da kuma na Attunement kaɗan. Sabon ɗan wasa zai kauce a kan lokaci amma takobi ya same shi, sai ya ce wasan ya lalace. Ki kai Adaptability wajen 25 da wuri, har Agility ya taɓa 100. Shan Estus ma zai ƙara sauri.

Abu na biyu, duk mutuwa tana rage tsawon layin jini da kashi 5, har ya tsaya a rabi. Wani kaya mai suna Human Effigy ne ke mayar da shi, kuma ba su da yawa a farko. Zoben Ring of Binding, da ke cikin akwati a ƙofar Cathedral of Blue ta ɓangaren Heide, yana tsayar da ragin a kashi 75. Da Estus ɗaya tak ake farawa, saboda haka ki bi Forest of Fallen Giants tukuna, ki yi ta magana da tsohuwa Melentia har zancenta ya ƙare. Bayan kin kashe Last Giant za ta koma Majula, inda take sayar da Lifegem, dutsen da ke mayar da jini, a kan 300 ba iyaka. A wurinta kuma ake sayen mabuɗin shagon maƙeri. Iyakar nauyi a nan kashi 70 ne, ba 50 ba.

Wani ƙorafin gaskiya ne: ana yawan tara wa mutum abokan gaba a wuri guda, kuma haɗin wuraren ba ya bin hankali kamar na farko. Amma shi ya fi yalwar makamai, yana barin mutum ya yi faɗa da makami biyu a tare in makinsa ya kai ninki ɗaya da rabi na abin da suka nema, kuma da Soul Vessel ana sake raba maki. Ƙarin sassa ukun da aka yi masa, na Sunken King da Old Iron King da Ivory King, suna cikin mafi kyawun abin da jerin ya fitar.

Tambaya: PS3 gare ni da tsohuwar kwamfuta, ga wuta ba ta zama a unguwarmu. Wane bugu zan nema? — Mai karatu daga Gusau

Amsa: Malam, PS3 zai ɗauki Demon's Souls na 2009, da Dark Souls na farko da na biyu. Na uku bai fito a kansa ba. Sai PS4, Xbox One ko kwamfuta. Ka sani cewa a PS3 hoton na farko yana sarƙewa sosai a Blighttown, wurin da ake tafiya a kan siraran katakai ana harbin mutum da dafi. Remastered na 2018 ya gyara wannan: hoto 60 a sakan, in ban da Switch mai 30, kuma sashen Artorias of the Abyss na ciki. Idan ka ci karo da bugun kwamfuta na 2012, Prepare to Die, ka bar shi. Sai an yi masa gyaran DSfix yake kallo, kuma an rufe sabarsa tun 2022.

Kwamfutarka za ta iya ɗaukar Remastered in tana da RAM na gigabait 6 da fili gigabait 8. Na uku yana neman fili 25 da katin hoto irin GTX 750 Ti, yayin da Elden Ring ke neman RAM 12 da fili 60. Na biyu kuwa ka nemi Scholar of the First Sin na 2015, mai haɗe da ƙarin sassa ukun. A PS4 da kwamfuta an sauya wuraren tsayuwar abokan gaba, a PS3 an bar su yadda suke. Idan tsohon faifai za ka saya kuma kana son ƙarin sassa daga shagon PlayStation, dole yankin faifan ya dace da na asusunka, in ba haka ba kuɗin ya tafi. Intanet ba dole ba ne: duka ana gama su ba sabis, har da kiran mataimakan da wasan ya tanada a ƙofar wasu bos-bos.

Batun wuta shi ne abin tsoro. Waɗannan wasannin suna ajiye ci gabanka da kansu kusan kowane lokaci, a fayil guda, kuma in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutawa fayil ɗin na iya lalacewa gaba ɗaya. Babu maɓallin dakatarwa, don haka in za ka tashi, ko za a koma kan janareta, ka fita ta Quit Game zuwa shafin farko. In ka dawo a inda ka tsaya za ka tarar da kanka, sai dai in a tsakiyar faɗan bos ne, nan za a mayar da kai bakin ƙofarsa. Ka sa ƙaramin UPS tsakanin na'urar da soket. Bayan kowane babban bos ka kwafe ajiyar: a PS4 ta Settings zuwa filashi, a kwamfuta kuma na Remastered yana cikin Documents a jakar NBGI, na uku yana cikin AppData, Roaming, DarkSoulsIII. Ka rufe wasan tukuna kafin ka kwafa.