Kyautar hoton asibiti a intanet: wa za a ba, wa za a hana?

Wasiƙun wannan makon kusan duk kan abu ɗaya suka faɗo, wato hotunan asibiti da takardun sakamakon gwaji, da masu kiran a ɗora su a rumbunan intanet don amfanin jama'a. Ga waɗanda na zaɓa.

Tambaya: Anti, an yi mini aikin sankarar mama, kuma alhamdu lillahi na samu sauƙi. Hotuna da takardu na nan cike da jaka. 'Yata da ke jami'a ta ce akwai rumbuna a intanet da ake ba da irinsu kyauta don likitoci su ƙaru. Ina so ya zame mini sadaka mai gudana, amma ina jin tsoro. Uwar 'ya'ya, Unguwar Rogo.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ya sa kaffara ne. Niyyarki kyakkyawa ce, tsoronki kuma yana kan hanya, kada ki yar da ko ɗaya.

'Yarki ta yi gaskiya, hotunan nan suna da amfani. Da su ake koyar da ɗaliban likitanci, da su kuma ake horar da manhajojin kwamfuta masu duba hoto. A 2017 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta saki hotunan ƙirji sama da 100,000 na marasa lafiya fiye da 30,000 don masu bincike. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irin waɗannan manhajoji wajen tantance tarin tibi a hoton ƙirjin 'yan shekara 15 zuwa sama, kuma kin san yadda wannan tarin ya addabe mu a ƙasar nan, ga likitocin hoto ba su wadace mu ba. Mafi yawan hotunan da ake horar da manhajojin da su ba daga Afirka suka fito ba, saboda haka namu ma ana bukatarsu.

Sai dai rumbunan da suka san abin da suke yi ba a hannun majinyaci kai tsaye suka saba karɓa ba. Akwai The Cancer Imaging Archive na Amurka, mai tara hotunan ciwon daji: daga cibiyoyi da masu bincike yake karɓa, kuma sai an goge duk abin da zai nuna mai hoton kafin a saki. Akwai Radiopaedia da wani likitan hoto na Ostireliya, Frank Gaillard, ya kafa a 2005, inda ma'aikatan lafiya ke ɗora misalai don koyarwa bayan sun cire suna. Don haka hanyarki ta wurin likitanki ce. Ranar da za ki koma ganinsa, ki faɗa masa burinki. Manyan asibitocin koyarwa irin JUTH, na Jami'ar Jos, suna da kwamitin da ke tantance kowane bincike kafin a taɓa bayanan majinyaci. In akwai aikin da ya dace, za a ba ki takardar amincewa. Ki sa a karanta miki ita da Hausa, ki tambayi wa zai ga hotunan, a ina za a ajiye su, ko za a sayar wa kamfani, kuma ki karɓi kwafinki. In babu irin wannan aikin yanzu, ki adana jakarki. Zaman da za ki yi da mace ɗaya da ta ji ƙullutu a nononta tana tsoron asibiti, har ki raka ta, shi ma sadaka ne babba.

Tambaya: Anti, wani a Facebook ya ce suna tara hotunan asibiti don bincike, kuma yana ba da katin waya a kan kowane hoto da takardarsa. Na haɗa nawa da na Baba da na Mama da sikanin cikin matar yayana. In tura ɗaya bayan ɗaya ne, ko in nemi ya ƙara farashi tunda suna da yawa? Matashi, Bukuru.

Amsa: Ɗana, wannan tambayar ta ɓata mini rai. Farashi kake tambaya? Wa ya ba ka izinin taɓa takardun mahaifinka? Matar yayanka ta san hoton cikinta na wayarka? Maza ka mayar da kayan mutane inda ka ɗauko su, ka goge abin da ka ɗauka a waya, har na cikin kwandon shara na wayar.

Bari in tsaya a nan in yi dogon bayani, domin ba kai kaɗai ba ne, kuma abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mutane suna ɗauka in an rufe sunan da ke saman takarda da yatsa, ko an shafa masa baƙi a waya, shi ke nan asiri ya rufu. Ba haka ba ne. Faifan da asibiti ke bayarwa bayan CT ko MRI, wato hotunan cikin jiki da manyan na'urori ke ɗauka, yana ɗauke da fayiloli na wani tsari da ake kira DICOM. A cikin kowane fayil, bayan hoton da ido ke gani, akwai rubutun da ba ya fitowa a fili: sunan majinyaci, ranar haihuwa, lambar katinsa, sunan asibiti, rana da lokacin da aka ɗauka, sau da yawa har da likitan da ya tura shi. Duk wanda ya buɗe da manhajar da ta dace, kuma irinta kyauta ce a intanet, zai karanta su tas. Hoton sikanin kuwa, sunan mai ciki yakan kasance a jikin hoton ne, a kusurwar sama, goge rubutun ɓoye ba ya cire shi.

A ce ma an goge suna duka. A 1997 wata mai bincike a Amurka, Latanya Sweeney, ta ɗauki bayanan asibiti da hukuma ta saki bayan an cire sunaye, ta haɗa su da rajistar masu zaɓe da ta saya dala 20, ta zaƙulo bayanan gwamnan jihar Masacusets na lokacin, William Weld. Daga baya ta lissafa cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar yankin gidan waya kawai sun isa a ware kusan kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ƙasa ce mai ɗaruruwan miliyoyin mutane. To ina ga unguwanninmu? A rubuta "mace mai shekara kaza, daga Gangare, an cire mata mahaifa a watan azumi", mata nawa ne a layin ba za su gane ta ba kafin la'asar?

Hoton kai ya fi duka haɗari. MRI na kai ba ƙwaƙwalwa kaɗai yake ɗauka ba, har da fata da hanci da leɓe, kuma kwamfuta na iya harhaɗa fuskar daga ciki. A 2019 masu bincike na asibitin Mayo a Amurka sun gwada da masu sa kai 84: manhajar gane fuska ta dace da mutum 70 daga hoton MRI ɗinsu. Shi ya sa rumbunan kirki ke shafe ɓangaren fuska kafin su saki hoton kai. Kana jin mai rabon katin waya zai yi wannan wahalar?

Sannan takardar asibiti ba ta mai ita kaɗai ba ce. Sakamakon gwajin jini na sikila da ya nuna AS ko SS yana magana a kan iyaye da ƙanne da 'ya'ya. Wasu nau'o'in sankara suna bin dangi. Mu kuwa mutane ne masu binciken gida kafin a ɗaura aure. Takarda ɗaya mai nuna ciwon hanta, ko farfaɗiya, ko taɓin hankali, ko cuta mai karya garkuwar jiki, tana iya ruguza auren yarinyar da ba ta ma san an taɓa ɗora komai ba. Tun 2014 akwai dokar ƙasa da ta haramta nuna wariya ga masu ɗauke da HIV, amma doka ba ta hana ƙus-ƙus a gidan biki. Magana zarar bunu ce, abin da ya hau intanet kuwa ya fi ta: kafin ka goge, wani ya sauke.

Doka ma ba ta tare da kai. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce bayanan rashin lafiyar mutum sirri ne, ba a bayyana su sai da rubutacciyar yardarsa, in ban da inda kotu ko doka ta tilasta. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ake tsananta tsaronsu. Mu da ba mu manta gwajin maganin Trovan a kan yaran Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, wanda babban kukan iyaye a kai shi ne ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, bai dace mu zama masu miƙa sirrin iyayenmu ga baƙo da hannunmu ba.

Kuma tunda na fara, bari in taɓa masu neman taimako. Kullum sai ka ga an ɗora takardar asibitin wani a guruf na WhatsApp, ga suna, ga lambar kati, ga sunan cuta, ga hoton bawan Allah kwance ba riga. Na san larura ce, na san masu bayarwa suna son shaida saboda macuta sun yi yawa. Amma macutan nan da irin waɗannan takardu suke cin kasuwa: su sauke, su canza lambar asusu, su ci gaba da bara da ciwon wani har bayan ya warke ko ya rasu. A nemi yardar marar lafiya tukuna. A nuna takardar ga mutum biyu ko uku da jama'a suka yarda da su, limami ko mai unguwa ko shugaban ƙungiya, su tsaya shaida. Wanda ya dage sai ya gani da idonsa, ya je asibitin ya biya a wurin karɓar kuɗi.

Tambaya: Asibiti sun ba ni hoton bayana a faifan CD, ni kuwa ba ni da abin kunna shi. In sayi filash in kwafe? Wane iri? Direba, Titin Bauchi.

Amsa: Saya, Malam, amma ba na kan tire a bakin Taminus ba. Filash na jabu ya yi yawa: a rubuta masa babban girma, kwamfuta ma ta nuna hakan, amma da zarar kaya sun wuce ainihin cikinsa sai fayiloli su lalace ba ka sani ba. Ka shiga shagon da zai ba ka rasit, ƙarami mai kyau ya ishe ka. Kada ka kai faifan shagon buga takardu, domin abin da aka kwafa yakan kwana a kwamfutarsu. Nemi ɗan'uwa amintacce mai kwamfuta, a kwafe babban fayil ɗin gaba ɗayansa, a buɗe a tabbatar yana aiki. Faifan asali ka ajiye shi a ambulan, nesa da rana da laima. Kada ya kwana a gaban mota.

Tambaya: Lafiyata ƙalau, amma na ji akwai manhajar da ke duba hoton mutum kyauta in ya ba su shi. Ina so in je in yi CT na duk jiki in tura musu. Ya kika gani? Ɗan kasuwa, Rikkos.

Amsa: Alhaji, ban ga komai ba sai ɓarnar kuɗi. Ka san abin da ake caji a kan CT a garin nan, ka san buhun shinkafa nawa ne. CT yana amfani da haske mai ratsa jiki, kuma na ƙirji guda ɗaya ya ninka hoton ƙirji na yau da kullum sau gommai. Ba a shiga na'urar sai likita ya ga dalili. Kuma mai lafiya in ya shiga, sau da yawa akan ga ɗan tabon da ba komai ba ne, daga nan sai fargaba da ƙarin gwaji da ƙarin kuɗi. Manhajar kuwa hotonka ne kuɗin da ka biya ta. In kana son sanin lafiyarka, je ka a auna hawan jini da suga da ciwon hanta.

Tambaya: Anti, bara na ɗora sakamakon gwajin ɗana mai sikila da hoton ƙugunsa a wani shafi da suka ce likitocin waje za su ba da shawara. Ban rufe sunansa ba. Tun da na gane kuskuren ba na iya barci. Me zan yi? Mahaifiya, Nasarawa Gwom.

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Neman lafiyar ɗanki ne ya kai ki, kuma duk uwar da ta kwana a asibiti da yaro yana kukan ƙashi ta san irin halin da ke sa a ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Akwai abin yi.

Ki shiga asusun da kika buɗe a shafin ki goge abin da kika ɗora, amma kafin nan ki ɗauki hoton allon don shaida. Sannan ki nemi adireshin imel ɗinsu, yawanci yana ƙasan shafi wajen bayanin sirri, ki rubuta musu a taƙaice: ke ce mahaifiyar yaron, bai kai shekara 18 ba, kin janye yardarki, kina bukatar a share bayanansa duka kuma a tabbatar miki a rubuce. Dokar 2023 ta ba ki damar janye yarda da neman a goge. In sun yi biris, kina iya kai ƙorafi Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya da ke Abuja. Ba zan ɓoye miki ba, in shafin na ƙasar waje ne tilasta musu zai yi wuya, kuma abin da wani ya riga ya sauke ba ya dawowa. Amma cire shi daga inda yake yana rage masu gani ƙwarai. Ki riƙa rubuta sunan yaron a Google lokaci zuwa lokaci. In ya fito, Google na da fom na neman a cire bayanan lafiya na sirri daga sakamakon bincike.

In wani ya kira ki da sunan ɗanki da cutarsa, ya ce gidauniya ce za ta kai shi waje amma sai kin biya kuɗin fom, ki kashe wayar. Maganar ƙugu kuwa kada ki bar ta a intanet. Ciwon ƙugu a mai sikila na iya zama alamar jini ba ya isa kan ƙashin cinya, kuma gano shi da wuri yana da amfani. Ki ɗauki hoton nan ki kai asibitin da yake zuwa ganin likitan sikila a makon nan, ki roƙi a haɗa ku da likitan ƙashi. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan jinya.