Irin hatsi mai jure fari: me yake iya yi, kuma yaya ake samar da shi?

Tambaya: Ina yawan jin ana maganar irin masara, dawa ko alkama "mai jure fari". Da gaske ne zai yi ko da ruwa ya ɗauke? Kuma yaya masana ke samar da shi, ko duk wanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta ne?

Amsa: Malam, babu hatsin da zai yi tsaba ba ruwa. Sai ganye ya buɗe ƙananan ƙofofinsa yake shaƙar iskar da zai haɗa abinci da ita, kuma ta nan ne fiye da kashi 90 cikin ɗari na ruwan da saiwa ta zuƙo yake ficewa. In ya rufe su ya tanadi ruwa, amma girma ya tsaya. Don haka abin da masana ke nema shi ne shukar da asararta za ta zo da sauƙi in ruwa ya yi wuya, kuma ba za ta ba manomi kunya ba a shekarar da damina ta yi kyau.

Shi kansa farin ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya fi yi wa masara illa shi ne wanda ya same ta tana fure. Furen da ke saman kara yana zubar da garinsa a kan lokaci, amma ƙishi kan sa gemun da ke jikin goyo ya makara. Kafin ya leƙo, garin ya ƙare, sai ka ɓare goyo ka tarar da tsaba jefi-jefi, ko totuwa zalla. A nan masanan CIMMYT, cibiyar binciken masara da alkama da ke ƙasar Meziko, suka sa ido. Sukan yi shuka da rani ta ban-ruwa, su yanke ruwan da gangan gab da fure, sannan su zaɓi shukar da gemunta bai makara ba, su haɗa ta da irinta. Zagaye takwas suka yi wa wata masara mai suna Tuxpeño Sequía a haka. A ganina wannan aikin haƙuri ya fi duk wata sabuwar fasaha amfanar ƙaramin manomi, kuma a kansa aka gina shirin masara mai jure fari da CIMMYT da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan suka gudanar a ƙasashen Afirka 13.

A dawa kuwa, ana farautar halin da ke sa ganye ya ci gaba da zama kore bayan kai ya fito, har tsaba ta cika. Cibiyar ICRISAT da ke Indiya ta daɗe a kansa. A shinkafa saiwa aka bi: a 2013 masana a Japan suka bayyana ƙwayar halittar DRO1, wadda ke sa saiwa ta nutsa ƙasa maimakon ta bazu a sama. Daga wata shinkafar tudu ta Filifin suka samo ta, suka shigar da ita cikin irin shinkafa mai suna IR64 ta hanyar barbara.

Ka ga ke nan mafi yawansu ba a sa musu ƙwayar halittar wani jinsin shuka daban ba. Akwai dai waɗanda aka sa wa, kamar alkamar HB4 da Ajantina ta amince da ita a 2020, wadda aka ɗauko mata ƙwaya daga furen sanfulawa. Ba su da yawa, domin jure fari hali ne da ƙwayoyi masu ɗimbin yawa suke taruwa su samar.

Kafin ka sayi iri, tuna lokacin da ruwa ya saba yanke maka. In da wuri damina ke ɗaukewa, nemi mai saurin nuna, ya riga farin kammalawa, ko da yake ba zai kai mai dogon zango yawan amfani ba in ruwa ya wadata. In kuwa a tsakiya take tsayawa, mai jurewa lokacin fure za ka tambaya. Ka kuma bincika ko irin haɗi ne, don shi in ka ajiye tsabarsa ka sake shukawa baɗi, ƙarfinsa raguwa yake yi.